Mataccen Rini

Shafi na 23

Da sunan Allah. Mai raunin zuciya ya tsallake wannan shafin, akwai jini a cikinsa.

Kwana goma sha ɗaya ke nan Saudatu tana kwana a kan siminti a hannun 'yan sanda, gobe kuma za a kai ta gaban alƙali a kan kisan mijinta Abdulhamid.

Uwarta, Inna Dijatu mai rini ta Runjin Sambo, ta gaji da roƙo. Ta roƙi mai unguwa. Ta roƙi liman. Har gaban Malam Sa'ad, yayan mamacin, ta je ta durƙusa da furfurarta, ya ce ta tashi kada baƙin hannunta ya ɓata masa darduma. Duk inda ta je takarda ɗaya ake kaɗa mata a fuska, takardar ɗakin gwaji. Wai likitan 'yan sanda ya yanki hantar Abdulhamid kafin a rufe shi, an duba, hanta ta lalace amma babu ƙwayar ciwon hanta a cikinta. Sa'ad ya riƙe wannan gam: in ba cuta ba ce to guba ce, kuma kunun da Saudatu ta dama ne ƙarshen abin da ƙanensa ya sha kafin ya yi ta aman jini har rai ya yi halinsa.

Dijatu ko bihim ba ta sani ba a boko, amma tana da ido. Wata uku kafin mutuwar ta ga idon surukinta ya yi rawaya kamar ruwan gangamau, ciki na tasowa, ƙafafu na kumbura. Ta faɗa, aka ce tsohuwa ta cika baki.

To yau a gida ta bar bakin. Muciyar rini ta ɗauko.

Da hantsi ta sauka daga keke a Sama Road, a ƙofar ɗakin gwajin da ya rubuta takardar. Mai gadi ya miƙe ya tare hanya.

"Inna, ba a shiga da sanda."

"Muciya ta. Kauce."

"Ko mi ta, aje ta nan."

A ƙauri ta sauke masa muciyar. Mutumin ya durƙushe yana kiran sunan Allah, ta tsallake shi ta shige. Masu jiran sakamako a kan benci suka watse, wani tsoho ya zubar da kwalbar fitsarinsa a kan takalmin na kusa da shi.

"Ina wanda yat taɓa hantar surukina?"

Ta ga wata ƙofa mai rubutu da jan fenti, ta san inda aka hana shiga nan ne ake ɓoye abu. Da ƙafa ta buɗe ta.

Wani wari ya daki idonta har ya kawo ruwa. Kwalabe a jere, ƙananan tuluna na gilashi cike da ruwa kala-kala. Wani mutum mai furfura a gemu, sanye da farar riga, ya juyo da ɗan gilashi a hannu. Zulkifilu ke nan, ma'aikacin da ke haɗa samfur.

"Hajiya lahiya? Ba a shigowa n..."

Wuyan rigarsa ta cafka. Matar da ta shekara arba'in tana matse jiƙaƙƙen zane ba a gwada ƙarfin hannu da ita. Ta maka shi jikin firij, ta gicciya muciya a maƙogwaronsa ta danna.

"Abdulhamid Maccido. Kai ka taɓa hantatai?"

"Inna... numfashi..."

"Ɗiyata ma numfashi taka so, tsinanne! Kwana sha ɗaya tana shaƙar warin bokitin kashi sabadda ƙaryarku!"

Ya kai hannu zai ture ta, ta sake shi ta juya muciyar a kan shiryayyun kwalaben da ke gefe. Tas! Tas! Gilashi ya tarwatse, jan ruwa da shuɗi suka malale a ƙasa. Wani guntun kwalba ya tsaga mata bayan hannu, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ni na sa hannu a takardar."

Muryar mace ce daga bakin ƙofa. Doguwa, da tabarau, ba za ta haura arba'in ba.

"Sunana Dakta Khaula. Shi aikinsa ya shirya, ni nake dubawa in rubuta. In duka kika zo yi, ga ni. Amma ki daina fasa kwalabe, Inna, akwai wadda in ta zuba a ƙafarki sai ta cinye naman."

Dijatu ta auna ta sama da ƙasa.

"Ke ta kinka ce ɗiyata ta ba mijinta guba?"

"Ban ce guba ba. Na ce ban ga ƙwayar cutar ba."

"To kuramen banza sun ji guba! Ƙaƙa kinka duba? Hwaɗa mani da Hausa, kada ki yi mani yaren asibiti."

Mai gadi ya leƙo yana ɗingishi. "Dakta, in kira 'yan sanda?"

"Bari tukuna."

Likitar ta taka gilashin da ya fashe ta wuce, ta buɗe wata durowa, ta ɗauko wani abu fari kamar guntun sabulu. A tsakiyarsa akwai ɗan tsoka da bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

"Ga abin da ya rage na hantar surukinki. Mun jiƙa ta a magani don kada ta ruɓe, muka binne ta cikin kakin kyandir don ta yanku. Zulkifilu ya fere ta da inji, siririya fiye da ɓawon albasa, ya shimfiɗa a kan gilashi. Amma haka nan ido ba ya ganin komai a ciki, ko da madubin likita. Sai an rina."

"Sai an mi?"

"An rina. Akwai wani rini, orsin sunansa. A fara tsoma gilashin a wani ruwa mai launin makuba ya buɗe naman, a wanke da wani ya koma fari, sannan a bar shi cikin orsin awa huɗu. In ƙwayar ciwon hanta tana ciki, inda take zai kama, ya yi duhu kamar busasshen ruwan goro. In babu, ba ya kamawa. Na surukinki bai kama ba."

Dijatu ta sake kallon ɗakin. Tulunan nan, ruwan nan kala-kala, igiyar roba da aka jingina gilasai su bushe.

"Ashe marina ta," in ji ta a hankali. "Duk wanga kwarjini, ashe marina ta kunka buɗe, kunka sa hwararen riguna."

"Kusan haka ne."

"To ina ƙyallen?"

"Wane ƙyalle?"

"Ƙyallen gwaji mana! Ke, kada ki raina mani hankali." Ta buga gindin muciya a ƙasa. "Ubana marini na, a bakin karofi anka yaye ni. Bai taɓa tsoma rigar mutum ba sai ya hwara jehwa hwarin ƙyalle. In ƙyalle ya kama, baban rini na da rai. In bai kama ba, ba riga ta ta ƙi ba, baba na yam mutu. Ni da nika rina tsohon zane a durom bayan ɗaki, ko na marayu ban tsomawa ban gwada ba. Ku da kuka rina naman mutum, kuka ɗaure ɗiyan mutane da shi, ina ƙyallenku?"



Dakta Khaula ta juya ta kalli Zulkifilu.

"Ina gilashin shaida na ranar?"

Mutumin yana shafa maƙogwaro, idonsa a ƙasa.

"Mi a gilashin shaida?" in ji Dijatu.

"Ƙyallenki ne, Inna. Muna da wata hanta da muka tabbatar tana da cutar. Doka ce duk ranar da za a yi wannan rini a yanko ta a tsoma su tare. Zulkifilu, magana nake maka."

"Dakta... waɗanda nay yanka sun ƙare. Ran nan an ɗauke wuta, aiki ya taru, 'yan sanda na tsaye bisa kaina..."

"Ba ka yanko sabo ba."

"Ban yanko ba."

"Orsin ɗin fa? Yaushe ka haɗa shi?"

Ya duƙa ya hau tsince gilashi a ƙasa.

"Yaushe?"

"Kahin azumi."

"Wata biyar! A zafin garin nan!"

Ta fizgi wani akwati, ta zaro gilashi mai lamba, ta zauna gaban madubin. Ta shiga murɗa shi. Dijatu ta matso ta tsaya a kanta, jini na ɗiga daga bayan hannunta a kan farin tebur.

An daɗe.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji likitar, ba ta ɗago ba.

"Mi kinka gani?"

"Abin da ban gani ba ne. A bangon jijiyar jini akwai wani zare mai talewa kamar roba. Orsin mai rai yana kama shi, da cuta ko babu cuta, a hantar kowa. Nan ko zare ɗaya bai kama ba." Ta cire tabarau. "Rinin matacce ne. Gilashi arba'in ne a gabana ran nan. Na nemi cutar ban gani ba, na sa hannu. Ban duba zaren ba."

Marin da Dijatu ta ɗauke ta da shi har waje an ji shi. Tabarau ya suɓuce daga hannunta ya faɗa ƙarƙashin tebur. Shatin yatsu biyar ya fito a kuncinta, da jini da baƙin rini.

Mai gadi ya zaburo. Likitar ta ɗaga masa hannu.

"Ƙyale ta. Na ci wannan."

"Ba ki ci komi ba tukuna," in ji Dijatu. "Kin san ran da anka zo kama ta, matan gidansu sunka tuɓe mata ɗankwali bisa titi? Kin san da dutse anka hwashe mata goshi, tana cikin takaba? Ke kina nan cikin sanyin hwanka kina sa hannu!"

"Na ji. Naman bai ƙare ba, Inna. Za a sake."

"Yau."

"Yau."

"Gabana."

Ta jawo kujera ta dasa a bakin ƙofa, ta ɗora muciya a cinya.

Zulkifilu ya share gilashin da ya fashe, ya wanke hannu. Ya ɗaura guntun kakin a inji yana murzawa, wani abu kamar fatar maciji yana fitowa, ya ɗora a ruwan ɗumi ya kwashe da gilashi. Ya ɗauko ɗaya kakin, na hantar shaida, ya yi masa haka. Likita da kanta ta fasa sabuwar kwalbar gari, ta auna, ta dama sabon orsin.

"Kawo in shaƙa," in ji Dijatu.

"Inna, ba a..."

"Kawo!"

Ta shaƙa, ta yi tari har da hawaye. "Wanga da rai. Ina tsohon?"

Aka miƙo mata. Ta karkata kwalbar a haske, ta ga laka ta kwanta a gindi.

"Ko makaho ya san wanga ya mutu. Kai, da gemunka! Da a marinar ubana kake, da cikin karofi za a tsoma kanka."

Zulkifilu ya narkar da kakin daga gilasan, ya tsoma su a ruwan makuba, ya wanke suka yi fari fat, ya jera su biyu kafaɗa da kafaɗa cikin tulun orsin ya rufe.

"Awa huɗu," in ji shi.

"Ko kwana huɗu na, ina nan."

A wurin ta yi azahar, a kan kwali, muciya a gefen sujadarta. An kawo mata ruwa ta ƙi sha. An kawo auduga za a ɗaure mata hannu ta ce su bar shi, jininta ne, ba nasu ba. Duk wanda ya nufi tulun nan, ko wucewa zai yi, sai ta miƙe.

Ana kiran la'asar Zulkifilu ya tsamo gilasan. Ya ɗauraye, ya bushe, ya liƙa musu murfi siriri. Likita ta ɗauki na shaida tukuna.

"Ƙyalle ya kama," in ji ta.

"Saura riga."

Ta sauya gilashi. Ta murɗa. Ta tsaya. Ta matsa gefe, ta sake matsawa.

"Zo ki gani da idonki."

Dijatu ta sunkuya, ta runtse ido ɗaya kamar mai zura zare a allura. Da fari haske kawai take gani. Sai abin ya fito. Kamar an shimfiɗa zane an tauna goro an fesa masa, tabo-tabo masu duhu ko'ina, wasu a dunƙule wasu a warwatse, babu inda za ka aje yatsa.

"Ya kama," in ji ta.

"Ya kama, Inna. Duk duhun nan cutar ce. Ta ci hantar har ta taurare ta yi ƙulli-ƙulli, jini ya rasa hanyar wucewa, ya taru a jijiyar maƙoshi har ta fashe. Shi ne aman jinin. Da kunu ya sha da ruwan Zamzam, ranar ta zo."

Dijatu ta zame ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kuka ba, wani gurnani ne ya fito mata daga ƙirji.

Zulkifilu ya leƙa madubin, ya ɗago yana girgiza kai.

"Dakta, abin ga ya ɗaure mani kai. Na san mamacin. Shekara biyu da sunka wuce ni niɗ ɗibi jininai, gwajin aure. Ban manta shi ba, ƙato guda yag ga allura yas suma a hannuna. Jininai tas yah hito. Shi yas sa da rini bai kama ba ban damu ba."

"Wannan ciwon ya fi shekara goma a jikinsa," in ji likitar. "Ba yadda za a yi jininsa ya fito tas shekara biyu da suka wuce." Ta kawar da zancen da hannu. "Za mu duba wannan daga baya. Shiga ciki ka haɗa mini gilasan nan da kakin a akwati, ka rufe da hatimi. Da kaina zan kai wa alƙali gobe."

Ta fito ɗakin jira, ta zauna ta rubuta sabuwar takarda, ta buga hatimi. Tana miƙa wa Dijatu ke nan aka banko ƙofar waje.

Malam Sa'ad ne. Babbar riga fara, hula ta karkace, gumi har wuya. Wani daga cikin waɗanda suka watse da safe ya kai masa labari.

"Ke tsohuwar banza, mi kika yi nan? Uwar mai kisan kai!"

"Malam, ka yi magana a hankali," in ji likitar. "An sake gwajin. Na farko kuskurenmu ne. Ciwon hanta ne ya kashe ɗan'uwanka."

Fuskar Sa'ad ta sauya. Mutumin da aka ce masa ba kashe ƙanensa aka yi ba ai hamdala ya kamata ya yi. Shi kuwa kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Wa yab ba ku izini? Wa yas sa ku?"

Ya fizge takardar daga hannun Dijatu, ya yayyaga ta, ya watsa.

"Sai in rubuta wata," in ji likitar. "Gilashin yana nan."

"Ku ba ni shi! Da shi da sauran naman! Naman ɗan'uwana na, haramun na ku aje shi cikin durowa awa kilishi. Yau za ni rufe shi!"

"Kwana sha ɗaya yana durowa ba ka tuna haramun ba," in ji Dijatu. Ta riga ta tsaya a bakin jar ƙofar. "Sai yau da yay yi magana?"

"Kauce mani!"

"Zo ka kauda ni."

Likita ta shiga tsakani, ya hankaɗe ta ta bugu da benci. Ya ɗaga hannu ya kwaɗa wa Dijatu bayan hannu a baki. Tsohuwa sa'ar uwarsa! Kanta ya bugi ƙofa, ta tofar da jini da haƙori guda. Ya kama mayafinta zai jefar da ita gefe.

Nan ya yi kuskure. Ya bar mata hannun dama.

Muciya ta sauka a tsintsiyar hannunsa, aka ji ƙas, kamar an karya rake. Ya saki ihu. Ta ƙara masa a gwiwa, ƙaton ya zube, babbar riga ta naɗe shi. Ya rarumi kujerar ƙarfe da hannun hagu ya wurga mata, ta same ta a haƙarƙari, ta yi baya ta dawo. Ta taka gefen rigarsa, ta saita kan muciya a tsakiyar ƙirjinsa.

"Wanga na goshin Saudatu. Motsa in ba ka na ɗankwalinta."

"Mai gadi! Kira 'yan sanda! Za ta kashe ni!"

"Inna, ya isa!" Likitar ta riƙe mata hannu ta baya. "In kika kashe shi, wa zai karɓo Saudatu gobe?"

Jar ƙofar ta buɗe. Zulkifilu ya fito rungume da ɗan akwati.

Idonsa ya sauka a kan mutumin da ke ƙasa. Hula ta faɗi, fuska a fili.

Ya ja da baya har ya bugi bango. Akwatin ya kusa suɓuce masa, likita ta yi wuf ta tare.

"A'uzu billahi! La haula... Malam Abdulhamid?"

Sa'ad ya juya fuska, ya ja hannun riga zai rufe.

"Kai, mi ka damunka?" in ji Dijatu. "Abdulhamid na kushewa. Wanga Sa'ad na, yayanai."

"Wallahi wanga na Abdulhamid Maccido! Shi na yaz zo gwajin aure! Shi na yas suma!" Ya nuna shi da yatsa. "Ku dubi girar hagu. Ga tabon nan. Bakin teburina yab buga sadda yah hwaɗi, ni da hannuna nil liƙe mai shi!"

Dijatu ta sa kan muciya ta ture hannun rigar. Tabon yana nan, siriri, ya raba girar biyu. Ta san shi. Ana saura mako guda ɗaurin aure Sa'ad ya zo gidanta kawo takardar gwaji da filasta a wurin, ya ce babur ne ya kayar da shi.

"Ƙarya yake yi," in ji Sa'ad. "Ban taɓa ganinai ba."

"Akwai hoton katin da ka kawo a fayil," in ji likitar a hankali. "Da sa hannu. In ɗauko?"

Ya kawar da kai. Likitar ta matso.

"Malam Sa'ad, jinin wa aka gwada da sunan ƙanenka?"

Hawaye ya gangaro masa ya shiga gemunsa.

Dijatu ta tsaya tana kallonsa, abin yana shiga kanta ɗaya bayan ɗaya. Sun sani. Tun kafin a kai lefe sun san yaron na ɗauke da ciwon. Lafiyayye ya je ya ba da jini a madadin maras lafiya, aka kawo mata takarda fara ta yi guɗa. Da ciwon ya kashe shi kuma, don kada a tona yadda aka yi auren, sai aka nemo kunu aka rataya wa ɗiyarta.

"Inna," in ji likitar, ta rage murya. "Ana ɗaukar ciwon nan ta kwanciyar aure. Da an sako Saudatu, kafin ki kai ta gida, ki kawo ta a ɗibi jininta."

Muciyar ta motsa a ƙirjin Sa'ad. Ya runtse ido yana kalmar shahada. Mai gadi ya dafe kai. Kowa ya san in ta ɗaga ta wannan karon, ba a hannu za ta sauke ba.

Ba ta ɗaga ba.

Ta janye ta, ta taka a hankali tana dafe haƙarƙari har ƙofar waje. Ta tura sakata. Ta juya ta zauna a ƙasa, ta jingina bayanta da ƙofar, ta share jinin bakinta da gefen mayafi.

"Kai mai gadi."

"Na'am, Inna."

"Malam ya ce ka kira 'yan sanda. Ba ka ji ba? Kira su. Ka ce su taho da mota mai wurin mutum biyu, ni da shi. Ɗakin da ɗiyata take, yau sai ya ga kalatai."